Zuwa Gashaka-Gumti da hawan Gangirwal: amsa ga matashin da ya sami hutun kwana huɗu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce ku biyar ne daga Kano, kun sami hutun kwana huɗu a watan Agusta, kuna so ku je gandun dajin Gashaka-Gumti ku ga namun daji, ku hau dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, ku dawo bakin aiki ranar Litinin. Ka kuma tambaya ko za ku ga zaki da giwa, sannan ko abokinku mai bindigar harbin tsuntsu zai iya tafiya da ita. Na ji daɗi ƙwarai da samari irinku suka fara tunanin wannan wuri, domin na shafe shekaru ina kai ɗalibai can, kuma abin yana yi mini ciwo in ga baƙi daga ƙasashen waje sun san duwatsun nan fiye da mu da muke da su. Saboda haka ba zan ɓoye maka komai ba. Niyyarku mai kyau ce, amma watan da kuka zaɓa da kwanakin da kuka ware duk ba su yi ba.

Mu fara da hanya. Daga Kano zuwa Jalingo yini guda ne cur. Daga Jalingo a bi ta Bali a isa Serti, inda babban ofishin gandun yake, wannan ma yakan cinye mafi yawan yini, ya danganta da halin da titi yake ciki a lokacin. Ka ga kwana biyu sun tafi a zuwa, biyu a dawowa. Hutun naku ya ƙare ba ku ko tsallake ƙofar daji ba. Ga shi dajin ba ƙarami ba ne. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa ya jingina da iyakar Kamaru, kuma babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su ɗaya. Wurin da girmansa ya kai haka, kuma mafi yawansa sai a ƙafa, ba a leƙa shi a tsaitsaye.

Sai maganar Agusta, wadda ta fi damuna. Kada ka auna damunar can da ta Kano. Iskar da ke tasowa daga teku ɗauke da danshi, in ta ci karo da waɗannan duwatsu sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a nan. Shi ya sa ruwa yakan fara tun wajen Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba ko farkon Nuwamba, Agusta da Satumba kuwa su ne tsakiyar abin. Daga duwatsun ne rafuffukan da ke ciyar da Kogin Taraba suke gangarowa, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mutanen wurin suna kiran kogi mayo da Fulatanci, shi ya sa za ka ji Mayo Kam, Mayo Selbe da sauransu. Haɗarin rafin dutse shi ne ba ya jiran a yi ruwa a inda kake. Wata shekara a ƙarshen damina mun tsallake wani rafi da safe, ruwan bai kai mana gwiwa ba, muna hango tsakuwar ƙasansa tar. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba duk yinin, sai dai muna jin tsawa can saman duwatsu. Da la'asar muka dawo muka tarar da jan ruwa yana tafe da kututture, ƙararsa ta hana mu jin maganar juna. Wani ɗalibi ya fara naɗe wando, jami'in gandun da ke tare da mu ya riƙe masa hannu ya ce ko saniya ba za ta tsallaka ba. A wannan gaɓar muka kwana, cikin jiƙaƙƙun kaya, da gari da ƙuli-ƙulin da ya rage mana. Da asuba ruwan ya ja muka wuce. Tun daga ranar ban sake kai kowa cikin dajin da damina ba. Ƙari a kan haka, ciyawa a lokacin ta fi mutum tsawo, ko ɓauna na tsaye kusa da kai ba za ka gan ta ba, kuma wannan ba alheri ba ne gare ka.

Lokacin zuwa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Rafuffuka sun ja, hanyoyi sun bushe, ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma suna matsowa inda ruwa ya rage. Abin da kawai za ka yi haƙuri da shi shi ne ƙurar hunturu, wadda wani lokaci takan rufe nesa ta hana ka more kallo daga saman dutse.

Game da zaki da giwa, kada ku sa rai. In giwa kuke nema, Yankari ta fi kusa da ku kuma ta fi ba da dama. Gashaka-Gumti wani irin wuri ne daban, kuma wanda ya je da tunanin zai zauna a mota dabbobi su yi ta wucewa ta gabansa zai dawo yana cewa babu komai. Akwai komai, sai dai daji ne mai ɓoye abin da ke cikinsa. Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin wanda idonmu ya saba da shi, can ake sa ran gwanki da kanki da mugun dawa. Ɓangaren kudu, Gashaka, shi ne na kwazazzabai da kurmi mai duhu da duwatsu masu hazo. A nan akwai ɓauna, mazo, gada, aladen daji, damisa, da birai iri-iri. Gwaggon biri kam za ku gan shi har ku gaji, ku dai kula da jakar abincinku. Akwai wani biri baƙi mai farin gashi da ya zubo masa ta gefe kamar alkyabba, da doguwar jela mai farin tuntu, in ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe sai ka tsaya cak. A Mayo Kam akwai gurbin da dorina ke zama, ana kai baƙi su kalle ta daga gaɓa. Ku tsaya inda aka ce ku tsaya, kada kuma wani ya shiga tsakaninta da ruwa, don dorina a tudu ta fi mutum gudu. Akwai kadoji ma a cikin kogunan, don haka ba kowane gurbi ake wanka a ciki ba sai an tambaya. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya sama da iri 500 a gandun. Ko na aro ne ku nemi madubin hangen nesa guda ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa.

Amma abin da ya sa sunan Gashaka ya fita duniya shi ne biri mai ganga. Haka mutanen yankin suke kiran wannan babban biri marar jela da ya fi kowace dabba kama da ɗan Adam, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da mai shi kamar wannan ba. A cikin kurmin akwai manyan itatuwa masu saiwoyi faffaɗa da suka fito sama kamar bangon ɗaki. Namijin yakan zo a guje yana ihu ya riƙa dukan saiwar da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kwari ya isa nesa, 'yan'uwansa su san inda yake. Irin da ke nan ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, ya fi sauran danginsa ƙaranci, kuma Gashaka na cikin manyan mafakarsa da suka rage. A shekarar 2000 masana daga wata jami'ar Landan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Volker Sommer, suka kafa sansanin bincike a Kwano, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa daga ƙauyen Gashaka, suka yi aiki tare da 'yan ƙasa da suka san dajin. Cikin abin da suka gano akwai cewa biran nan suna gyara tsinke su zura a rami su ciro zuma, su kuma yi amfani da sanda su kwashi kwarkwasa su ci.

Zan gaya maka gaskiya, ganinsa ido da ido sai an dace. Bai saba da mutum ba, kuma yana jin motsinka tun kafin ka san yana nan. Abin da za ka fi samu shi ne alamarsa, kuma a nan ne daɗin tafiyar yake ga wanda ya iya haƙuri. Mai jagora zai tsaya ya ɗaga kai ya nuna maka wani tarin ganye can saman bishiya kamar sheƙar shamuwa. Wannan shimfiɗarsa ce, kusan kullum da yamma yakan lanƙwasa rassa ya saƙa sabuwa ya kwana. In ganyen ɗanye ne shar, jiya ya kwana a nan. In ya yi yaushi, an kwana biyu. In ya bushe ya yi ja, an daɗe. A ƙasa kuma zai tsugunna ya ɗauko wani tsinke da kai za ka taka ka wuce, ya nuna maka an zage ganyensa, bakinsa ya tattauye kamar asuwaki, yana ƙanshin zuma. Ranar da na fara jin gangar, muna zaune ne bayan sallar asuba, hazo bai tashi ba, ana dafa shayi. Sai ihu ya taso daga kwarin da ke gabanmu, yana hawa yana hawa, sannan dukan ya biyo baya, dum-dum-dum, ya yanke. Wani ya amsa daga can ɗaya gefen. Babu wanda ya yi magana a cikinmu har ruwan shayin ya tafasa ya zube a wuta. Ban ga birin ba a wannan zuwan, amma har yau in na rufe ido ina jin sautin.

Saboda haka ku rage surutu, ku kashe waƙar waya, ku sa tufafi marasa haske, ku bar turare a gida. Ku fita da sassafe ko da yamma lis, don da rana ta take dabba takan kwanta. Mutum biyar ma sun yi yawa a sawu ɗaya in ana son ganin wani abu, gara ku kasu biyu in akwai isassun jami'ai.

Yanzu dutsen. Sunansa Chappal Waddi, an kuma fi kiransa Gangirwal a yankin, tsawonsa mita 2,419, yana kan iyakar Najeriya da Kamaru. Ba dutse ne na igiya da ƙugiya ba, tafiya ce a ƙafa, amma tafiya ce ta kwanaki, hawa da gangara, hawa da gangara, har cinya ta riƙa rawa. Wanda ya taso daga ƙauyen Gashaka ta cikin daji zai yi kwanaki masu yawa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a hau tsaunin Mambila da mota a ɓullo masa ta wajen Njawai, amma ko ta nan ɗin sai an kwana a hanya. Kowace aka bi, sai da izinin hukumar gandu da rakiyar jami'anta, kuma ku riƙe katin shaidarku tunda bakin iyaka ne. Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyukan wurin, ku yi ciniki tun kafin a tashi, ku biya su haƙƙinsu cikakke, ku ci abinci tare da su. Sun fi ku sanin inda ruwa yake da inda ake kwana.

Abin da ke kayar da mutanenmu a can ba gajiya ba ce, sanyi ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta a saman, ga raɓa mai jiƙa komai. A watan Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 5. Ka bar Serti kana gumi, bayan kwana biyu kana alwala yatsunka na ƙin lanƙwasuwa. Kowa ya zo da suwaita mai kauri, hular sanyi, safa biyu ko uku, bargo, da rigar ruwa ko da rani ne. Kayan kwana a ƙulle su a leda a cikin jaka, kada a taɓa tafiya da su a jiki, don rigar da ta sha gumi in dare ya yi ita ce ke jawo rawar ɗari. In ka ga ɗan'uwanka yana karkarwa, maganarsa ta fara harɗewa, yana cewa a bar shi ya ɗan kwanta, kada ku bar shi. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari. Takalmi kuma kada ka sayi sabo ka ce sai ranar tafiya. Ka fara sa shi tun makonni kafin nan, ka riƙa doguwar tafiya da jaka a baya, ko hawa Dala da Goron Dutse ne kuna saukowa sau da yawa. Kanta ɗaya a diddige tana iya tsayar da ayari duka.

Guzuri ba sai na koya wa Bahaushe ba: gari, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, taliya, kayan shayi. Ruwan rafi ko ya kai madubi haske a tafasa shi, don shanu na sha a sama. Ku kwana cikin gidan sauro ko tanti mai rufuwa, ku tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro, ku sa dogon wando da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando a kwari da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo a bakin rafi, ku kuma duba jikinku da yamma saboda kaska. Kafin a kafa tanti a haska ƙasa da tocila a duba ko akwai layin kwarkwasa. In ta shigo muku cikin dare babu dabara sai ku fita ku ba ta wuri, kada ku tsaya kakkaɓe kaya a ciki. Maciji kuwa yawanci shi ke gudu, wanda ba ya gudu ita ce kasa, tana kwance a cikin busasshen ganye. Kada a yi tafiyar dare da silifa, a zazzage takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a nufi asibiti. Ku kuma sani a yawancin dajin waya ba ta da sabis, don haka ku bar wa na gida ranar da za su sa ran jinku.

A saman tsaunukan za ku tarar da mutane, kada abin ya ba ku mamaki. Akwai Fulani makiyaya da manoma a wasu keɓaɓɓun wurare kamar Chappal Hendu da Selbe da Filinga, waɗanda suke nan tun kafin a kafa gandun, aka bar musu matsuguninsu. Abin da ya kai shanu can shi ne ciyawa da ruwa da rashin ƙudan tsando a tudu. Ku yi sallama daga nesa, ku nemi mai gida ko arɗo, ku gaisa a natse. Hausa za ta fishe ku, amma in ka gaishe su da Fulatanci ka ce jam na, ka yi godiya ka ce useko in an ba ka nono, za ka ga fuska ta saki. Kada ku ɗauki hoton mata ko na shanu ba da izini ba. Ɗan ganyen shayi da sukari da goro a jaka suna buɗe ƙofa. Ba na cikin masu ɗora wa makiyaya laifin komai, don da yawansu sun fi mu sanin darajar wurin. Amma gaskiya ce yawan shanu da ƙona ciyawa kowace shekara suna cin gefen kurmin tsaunuka kaɗan-kaɗan, kuma kurmin nan shi ke riƙe ruwan da manomin bakin Binuwai yake noman rani da shi.

Bindigar abokinku kuwa ta zauna a gida. Dokar gandun dajin ƙasa ta hana farauta da shiga da makami, ko na harbin kurciya ne, kuma kama mutum ake yi a kai shi kotu. Ban da doka ma, ina roƙonku ku dubi halin da jami'an nan suke ciki. Suna fama da mafarauta masu ɗana tarkon waya, da masu haƙar ma'adinai ba izini, da masu saran madobiya, icen da a Taraba ake kira Madrid, wanda aka yi ta lodinsa ana fitarwa ƙasashen waje har ya yi wuya a dazuzzukan da ke kewaye. Akwai jami'an da suka rasa rayukansu a wannan aiki. Baƙon da ya zo da bindiga nauyi ya ƙara musu. Haka nan kada ku sayi naman daji a hanya, kada ku sayi ɗan biri ko da an ce maraya ne ku tausaya masa, don uwarsa aka harbe kafin a ɗauko shi, kuma kuɗinku ne zai sa a koma a harbe wata. Wutar girki a kashe ta da ruwa har toka ta huce, leda da gwangwani ku dawo da su cikin jakarku.

Ga abin da nake ba ku shawara. Ku haɗa hutunku zuwa ƙarshen Disamba ko Janairu, ku nemi kwana takwas zuwa goma. A wannan zuwa na farko ku ajiye maganar Gangirwal. Ku yi kwana uku ko huɗu a ƙauyen Gashaka, ku je gurbin dorina, ku hau tudun da kangon ganuwar Jamusawa yake, wanda ya rage tun zamanin da yankin ke ƙarƙashin mulkinsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan su Ingilishi suka karɓa, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi zama cikin Najeriya. In an ba ku izini ku taka zuwa wajen Kwano ku kwana a kurmi. Daga nan ku koma Serti ku hau Mambila ta Mayo Selbe, da rana, da direban da ya san hawan, don titin yana murɗawa kamar igiya kuma birki yake ci a gangara. A sama za ku ga tuddai marasa iyaka lulluɓe da ciyawa, da layukan bishiyar turare, da gonar shayi ta Kakara, da Nguroje da Gembu, a tsawon da ya kai wajen mita 1,600. Kwana biyu a can za su nuna wa kowannenku yadda jikinsa yake ɗaukar sanyi da hawa, wanda ya ji zai iya sai ku shirya wa dutsen a shekara mai zuwa.

Kafin ku biya kuɗin mota, ku tuntuɓi ofishin gandun a Serti ku tambayi abu uku: halin tsaro a hanya da cikin daji a wannan makon, ko rafuffukan hanyar Gashaka sun ja har mota na wucewa, da kuɗin shiga da na masauki da na rakiya, don suna canzawa. Ku cire kuɗi a hannu tun daga Jalingo, kada kuma ku yi tafiyar dare tsakanin Bali da Serti. In kun tsayar da rana ka sake rubuto mini in duba jerin kayanku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.